Juyen Baƙin Mai a Babbar Motar Iyali Ta Alfarma: Yadda Za Ka Yi Da Hannunka

Juyen mai a Lexus RX ko BMW X5 bai fi na ƙaramar mota wahala ba. Ka kwance noti, tsohon mai ya zube, ka canza filta, ka ɗura sabo. Inda suka bambanta shi ne waɗannan manyan motocin ba sa yafe ƙaramin kuskure. Kaskon mansu sau da yawa na alminiyam ne ko na roba, gidan filtarsu ma haka, injinsu kuma an ƙera shi ne a kan wani irin mai takamaimai. Ƙarfin damtse ba ya cikin kayan aikin nan, hasali ma shi ya fi yin ɓarna. Zan riƙa kawo misali da Lexus RX 350 mai injin V6 na lita 3.5, don ita na fi shiga ƙarƙashinta, in kuma nuna inda motocin Jamus suka saɓa mata.

Man da za ka saya

A nan aka fi yin asara, tun kafin a taɓa sifana. Abu biyu ake dubawa a jikin galan, amma yawancin mutane ɗaya suke gani.

Na farko kaurin mai ne, wato lambobin nan irin su 0W-20 ko 5W-30. Lambar da ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu idan inji ya kwana ya huce, ta bayan kuma kaurinsa idan ya ɗau zafi har digiri 100. Akwai tsohuwar magana da ta zauna a bakin mutane cewa mai kauri ya fi kare inji. A injinan da, waɗanda ramukan mansu ke da faɗi, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Injin zamani kuwa hanyoyin mansa sirara ne, kuma da matsin mai yake sarrafa lokacin buɗewa da rufewar bawul. Ka ɗura masa 20W-50, da safe man zai daɗe bai kai saman inji ba, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe, kuma a waɗannan 'yan daƙiƙoƙin na farko ne inji ya fi cinyewa. Abin da ke rubuce a murfin mai ko a littafin motar shi za ka bi. Idan littafin ya ba da zaɓin mai mai ɗan kauri don wuri mai zafi ko jan kaya, to kana da hujja. Idan bai bayar ba, kada ka yi masa shisshigi.

Na biyu, wanda ake mantawa, shi ne lambar amincewar kamfani, tana bayan galan da ƙananan haruffa. Lexus da Acura sun fi dogara da ma'aunin API da ILSAC, ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin ingancin man inji, misali API SP da GF-6 waɗanda suka fito a 2020, an kuma tsara su ne har da kare ƙananan injina masu turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) daga fashewar fetur kafin lokacinsa. Kamfanonin Jamus kowa da nasa: BMW na da Longlife-01 da Longlife-04, Mercedes na da 229.5 da 229.51 da 229.52, Audi na bin lambobin Volkswagen (VW) kamar 502 00 da 504 00 da 508 00. Galan biyu za su iya zama 5W-30 dukkansu, ɗaya ya dace da motarka, ɗayan bai dace ba. Ga masu injin dizal abin ya fi tsanani, domin matacin hayaƙin da ke salansa yana toshewa da tokar man da ba nasa ba, kuma gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne.

Yawan man ma ka duba shi a littafi, kada ka ɗauka daga bakin wani mai irin motarka. RX 350 ta 2010 zuwa 2015 tana shan kusan lita 6.1 idan an canza filta, amma wadda ta biyo bayanta daga 2016 ba ta kai haka ba, duk da sunansu ɗaya kuma dukkansu V6 ne. Daga 2023 ma injin ya koma mai silinda huɗu na lita 2.4 da turbo. Saboda haka da shekarar mota da lambar injinta ake sayen mai da filta.

Filta kuwa, araha ba ta ado. Jabu tana kama da ta gaske a kwali, sai ka riƙe su biyu a hannu ka ga takardar jabun ba ta da yawan ninki, zoben robarta kuma ya yi tauri kamar ya kwana a rana. Ka tabbata cikin kwalin akwai sababbin zobban roba, sannan ka sayi sabuwar wosha ta notin juye.

Kayan aiki

Jak mai ƙarfi da ƙafafun ƙarfe biyu na tokare mota, ko kuma gadar hawa ta taya. Soket da ya yi daidai da notin juye, a Lexus lamba 14 ne. Hular kwance gidan filta, ta Toyota da Lexus mai faɗin milimita 64 ce da tsagi 14. Daro mai ɗaukar aƙalla lita 10, mazurari, tsummoki, safar hannu ta roba, tocila, da kwali da za ka shimfiɗa a ƙasa. Sai sifana mai awon ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai mizanin da ka saita mata. Idan a cikin kayan nan ɗaya kawai zan ce lallai ka mallaka, ita ce.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka fara aikin nan ana saura awa biyu ka ɗebi iyali zuwa wani gari, ko da yamma bayan masu sayar da kayan gyara sun rufe.

Ɗumama inji da ɗaga mota

Ka tayar da motar ta yi minti biyar zuwa goma, man ya yi ɗumi ya saki jiki ya kwaso dattin da ya kwanta. Idan kuma daga doguwar tafiya ka dawo, ka bar ta ta huce kamar rabin awa, don man da ya kai digiri 100 yana saɓule fata.

Ka tsayar da ita a wuri mai tauri wanda ba gangare ba, giya a P, birkin hannu a ɗaure, ka tokare tayoyin baya da katako. Wadda ke haɗa fetur da lantarki, irin RX 450h, ka tabbata ka kashe ta ƙurmus, kalmar READY ta ɓace daga dashbod, ka kuma kai makullin nesa. Irin wannan mota tana iya yin shiru kamar a kashe take, sai injin ya tashi da kansa alhali ba ɗigon mai a cikinsa.

Wasu BMW X5 da Audi Q7 da Mercedes GLE balan-balan na iska ke ɗauke da su a maimakon sifirin. Idan taka haka take, ka duba littafi yadda ake kulle tsarin kafin ka sa jak, in ba haka ba motar za ta yi ta ƙoƙarin daidaita tsayinta kana ƙarƙashi.

Jak yana da wurin da aka tanadar masa a ƙarƙashin mota, littafi ya zana shi. Ka ɗaga, ka zura ƙafafun ƙarfe, ka sauke nauyin a kansu, sannan ka girgiza motar da hannu biyu ka ga ko ta zauna daram. Motar nan nauyinta ya kai tan biyu. Jak ɗagawa kawai yake yi, ɗan zoben roba ne a cikinsa ke riƙe da dukan nauyin, kuma ba ya sallama idan zai saki. Bulo ma ba abin yarda ba ne, yana rugujewa lokaci guda.

Kafin ka kwanta ƙasa, buɗe bonet ka kwance murfin da ake ɗura mai, ka ɗan zaro sandar awo. Iska za ta shiga ta sama man ya sauka sumul. Akwai wata fa'idar kuma: idan murfin ya ƙi buɗuwa, gara ka sani yanzu da man yana ciki.

Juye tsohon mai

Yawancin motocin nan an rufe cikinsu da faifan roba. Wasu suna da 'yar ƙofa daidai wurin noti da filta, wasu sai ka sauke faifan gaba ɗaya. Ka zuba ƙusoshin da maɓallan roba a kwano ɗaya, don suna da saurin ɓata.

Yanzu ka haska tocila ka tabbatar da notin da za ka kwance. Kaskon man inji da na giya maƙwabta ne a motocin da injinsu ke kwance a gicciye, kuma an sha juye man giya bisa kuskure, sannan a ƙara lita shida a kan injin da ke cike. Notin man inji yana jikin kaskon da ke ƙarƙashin injin kansa. Idan abin da ya fara fitowa ja ne ko yana da wani wari daban, mayar da noti nan take.

Ka sa daro, amma ba daidai ƙarƙashin ramin ba, ka ɗan matsar da shi wajen da notin ke kallo, saboda man yana fitowa da tsiri kafin ya dawo ya miƙe. Ka sassauta da soket zuwa hagu, sauran ka ƙarasa da yatsu kana danna notin ciki. Idan ka ji zaren ya ƙare sai ka fizge hannunka gefe da sauri. Kowa sai mai ya taɓa gangaro masa har gwiwar hannu kafin ya iya wannan.

Ka ba shi minti goma zuwa sha biyar, har ya koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Kada ka zauna banza a lokacin, ka kalli abin da ya fito. Baƙi ba laifi ba ne, alama ce man ya yi aikinsa na wanke inji. Abin tsoro shi ne ka ga yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, ko ya yi kalar madara, wanda ke nuna ruwan lagireto na haɗuwa da mai, ko kuma yana warin fetur sosai. Ko ɗaya ka gani, sabon mai ba zai magance shi ba, sai bakanike ya duba.

Cire tsohuwar wosha. Wani lokaci tana manne a jikin kasko ba a jikin noti ba, idan ba ka lura ba sai ka ɗora sabuwa a kanta, yoyo ya biyo baya. Woshar nan an yi ta ne ta lotse sau ɗaya ta toshe kafa, wadda ta riga ta lotse ta gama aikinta. Ka goge bakin ramin, ka ɗaura notin da yatsu tukuna har ya zauna. Idan ya yi gardama tun a zagaye na farko, zaren ya hau karkace, ka warware ka sake. Sai ka kawo sifana mai awo: a RX 350 mizanin 40 Nm ne (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar). Da ta yi ƙas ka tsaya, kada ka ce bari in ɗan ƙara. Wasu injinan Audi masu silinda huɗu kaskonsu da notinsu duk roba ne, ana murɗa shi kaɗan ya shige ya kulle, kuma sabo ake sawa duk juye.

Akwai masu zuƙe man ta sama da famfo, ta bututun sandar awo, ba tare da sun ɗaga mota ba. A yawancin motocin Mercedes da Audi, inda filta ma a sama take, hanya ce mai kyau mai tsafta. Ni dai na fi son shiga ƙasa ko da sau ɗaya a shekara, don a nan ne kake ganin robar shaf da ta yage ko wurin da ya fara jiƙewa da mai.

Filta, inda ya kamata ka rage sauri

Filta iri biyu ce. Akwai ta gwangwani wadda ake murɗewa a jefar gaba ɗaya, irin ta Acura MDX. Ita abu uku ne: ka tabbata tsohon zoben roba bai maƙale a jikin inji ba, ka shafa sabon mai a zoben sabuwar, ka ɗaura da hannu, bayan zoben ya taɓa ƙarfe ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa mata sifana wajen ɗauri.

Ɗayar kuma takarda ce zalla da ke zaune cikin gida mai murfi, ita ce a RX 350 mai V6 da kusan dukan motocin Jamus. A yawancin BMW da Mercedes gidan yana saman inji, kana tsaye za ka yi aikin. Dabara a nan ita ce ka sassauta murfinsa tun kafin ka mayar da notin juye, don man da ke cikin gidan ya gangara kasko ya fita tare da sauran.

Ta Lexus a ƙasa take, tana kallon ƙasa, cike da mai. A tsakiyar murfin akwai ɗan ƙaramin noti mai rami murabba'i. Ka kwance shi, ka ɗauko ɗan bututun robar da ke zuwa cikin kwalin filta, ka danna shi cikin ramin da ƙarfi. Zai tura wani bawul, man da ke ciki ya zubo ta bututun. Idan ya tsaya ka karkata bututun gefe ya fito, yawanci tare da ƙaramin zoben roba. Sannan ka sa hular nan mai tsagi 14 ka kwance murfin gaba ɗaya.

Zaro tsohuwar takarda, goge cikin murfin. Kafin ka cire babban zoben roba, tsaya ka kalli tsagin da yake zaune, ko ma ka ɗauke shi hoto da waya. A nan na taɓa ƙonewa. Murfin yana da wuri fiye da ɗaya da zobe zai iya kwanciya ya yi kamar daidai, ni kuma na tura shi can ƙasa jikin leɓen murfin maimakon tsaginsa. Komai ya ɗauru lafiya. Da na tayar da inji, kafin in zagayo gaba mai ya malale kwalin da na shimfiɗa yana neman ƙofa. Allah ya taimake ni ina tsaye a wurin ban hau titi ba. Tun ranar ba na cire tsohon zobe sai sabon yana ɗaya hannun.

Da yatsa ko tsinken roba ake cire zoben, sukudireba yana karce tsagin. Ka jiƙa sabon da mai, ka zagaya da shi ba tare da ya murɗe ba. Ka sa sabuwar takarda, ka ɗaura murfin da hannu har ya ƙure, sannan sifana mai awo a 25 Nm, adadin da za ka gani rubuce a jikin murafen motoci da yawa. Ƙaramin notin tsakiya da sabon zobensa kusan 13 Nm kawai yake so. Zoben ne ke hana yoyo, ba matsi ba. Wanda ya ɗaure murfin roba da dukan ƙarfinsa, ko dai ya tsaga shi yau, ko ya bar wa mai kwancewa na gaba aikin kuka.

Ɗura sabon mai da awo

Sa mazurari, ka zuba ƙasa da abin da littafi ya ce da kamar rabin lita. Ƙari abu ne mai sauƙi, ragewa kuwa sai ka sake komawa ƙasa. Rufe murfin, mayar da sandar awo.

Tayar da inji, kada ka taka totur. Fitilar mai a dashbod za ta iya tsayawa daƙiƙa biyu ko uku kafin filta ta cika. Idan ta wuce daƙiƙa goma ba ta mutu ba, kashe injin. Idan ta mutu, bar shi yana aiki, ka leƙa ƙasa da tocila wajen noti da murfin filta. Ka goge su ƙal da tsumma, ka jira minti biyu, ka sake shafawa da farin tsumma ko takarda. Sai ka tabbata a bushe suke za ka mayar da faifan roba ka sauke motar.

Ba a awo mota na kan jak, don a karkace take. Bayan ta sauka a wuri mai daidai, kashe inji ka jira minti biyar man ya koma kasko. Zaro sanda, goge, mayar har ƙarshe, sake zarowa. Sabon 0W-20 kusan kamar ruwa yake a ido, sai ka karkata sandar wajen haske kafin ka ga inda ya tsaya. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama yawanci lita ɗaya ne ko fiye, gwargwadon inji, don haka ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kusa alamar sama. Kada ya haye ta. Idan mai ya yi yawa, ƙarfen da ke juyawa a cikin inji yana kaɗa shi ya yi kumfa, famfo ya riƙa tura iska a maimakon mai, rarar kuma ta bi ta hanyar iska ta ƙone ta lalata matacin hayaƙi.

Yawancin BMW na zamani da wasu Audi da Volvo ba su da sandar awo sam, a allon mota ake gani. Su sai inji ya yi zafi sosai, motar na tsaye a wuri mai daidai, sannan ka nemi awon a allo ka jira ya kammala. Tunda ba ka da sanda, ka auna tsohon man da ya fito da galan mai lambobi, hakan zai ba ka hasken abin da ya kamata ya koma.

Abin da ya rage

Motar ba ta san ka canza mai ba sai ka gaya mata. A sababbin Lexus ana sake saita ƙidayar ne daga allon mota, cikin saitin kula da mota, tsofaffi kuma da maɓallin kilomita. BMW da Mercedes suna da nasu matakan, wasu ma sai an jona na'ura. Kada ka tsallake wannan, domin a motocin Jamus kwamfuta ce ke lissafa ranar juye na gaba daga yadda ake tuƙa motar.

Game da tazara, Lexus a Amurka ta ba masu 0W-20 mil 10,000, wato kusan kilomita 16,000, ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Amma littafin ya rage shi zuwa rabi ga motar da ke aiki cikin ƙura, ko jan tirela, ko yawan tsayuwa inji na aiki, ko gajerun tafiye-tafiye da inji ba ya kai ga yin zafi. Ka duba rayuwar motar iyali da gaskiya: kai yara makaranta, cunkoso, jira da na'urar sanyi a kunne. A ganina yawancinsu a kashi na biyu suke, kuma kilomita 8,000 ya fi musu, musamman masu turbo.

Ka rubuta kwanan wata da kilomita da irin man da ka zuba, ka ajiye rasit, saboda garanti da ranar da za ka sayar da motar. Tsohon man ka juye shi cikin galan ɗin da ka zazzage, ka rufe, ka kai inda ake karɓarsa don sake tacewa, tare da tsohuwar filta a leda. Ba a zuba shi a kwata ko a ƙasa, kuma kada ka gauraya shi da man birki ko ruwan lagireto, don idan ya gauraya masu tacewa ba sa karɓa.

Daren ranar ka shimfiɗa sabon kwali a ƙarƙashin injin. Da safe kafin ka tayar da mota ka jawo shi ka duba, ka sake zaro sandar awo sau ɗaya.